Yadda ake haɗa jakar takarda da hannu, da inda za ta iya karɓar aikin leda a Kano

Duk wanda ya taɓa fitowa yasar kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ya san abin da shebur ke kwasowa. Leda ce ta fi ƙasa yawa: baƙa, fara, ta fiyawata, ta burodi, duk sun cakuɗe da laka sun zama kamar tabarma. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, tabarmar nan ce ke toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanyar da zai bi zuwa rafin Jakara, ya juyo cikin zaurukan mutane. Mahauta suna ba da labarin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin saniya ko na akuya. Manoman kewayen birni kuwa, waɗanda tun kaka da kakanni suke kai takin bola gonakinsu, yanzu sai sun zauna sun tsince leda kafin su watsa shi.

Wannan ne ya sa na koyi haɗa jakar takarda, kuma shi ya sa nake son wasu su koya. Sai dai kafin mu ɗauki almakashi, akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Takarda ba za ta taɓa kai leda araha ba, kuma ita ma ba ta rasa nata laifin: sarrafa ta na cin ruwa da wuta fiye da sarrafa leda. Wani bincike da hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar takarda sau uku kafin ta fi ledar kanti sauƙi ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya. Inda ta yi wa leda fintinkau shi ne ƙarshenta. In ta faɗa kwata za ta jiƙe ta narke, in ta shiga taki za ta ruɓe ta zama ƙasa. Matsalarmu a Kano kuwa daidai nan take. Saboda haka abin da za a sa a gaba shi ne jaka mai ƙwari, wadda mutum zai kai gida ya ninke ya ajiye don gobe.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kumfa a farkon 2024. Ko ba jima ko ba daɗe irin wannan magana za ta iso mu, kuma wanda hannunsa ya riga ya faɗa shi zai fara cin kasuwar.

Fara da sanin kayan da za a zuba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayo takarda kafin ya san wa zai yi wa jaka. Takarda na son busasshen kaya: atamfa da shadda, ɗinkin da tela ya gama, hula, turare, takalmi, magani, dabino, aya, gyaɗa, gurasa, alkaki, dubulan, cincin ɗin biki. Ɗanyen nama, kifi, manja, kunu, ƙanƙara da nunannen tumatir ba aikinta ba ne, kada a ɗora mata. Waɗannan nasu kwano ne da bokiti da kwando, kamar yadda iyayenmu suke zuwa cefane kafin leda ta shigo. Idan ka sayar wa mai kifi jakar takarda ta yage masa a gaban mai saye, ka rasa shi, ka kuma rasa duk wanda zai ba labari.

Zaɓen takarda

A nan zan daɗe, domin rabin aikin a nan yake.

Takardar da ake so ita ce mai ruwan ƙasa da ake kira kiraf. Sunan daga Jamusanci ne, ma'anarsa ƙarfi, kuma ƙarfin nata ya samo asali ne daga dogayen zaruruwan itace da hanyar dafa ta ke bari ba su karairaye ba. Ba daga itace kaɗai ake yin takarda ba. Ana yin ta da tuƙar rake bayan an matse ruwan, da karan alkama da na shinkafa irin wanda ake tarawa a Kura da Kadawa bayan girbi, da kuma ramar nan da muke kwaɗo da ganyenta muna tufka igiya da ɓawonta. Abin takaici, manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa daga matsayinsu na da, shi ya sa yawancin takardar da ke kasuwa daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala.

Kaurin takarda da giram ake auna shi, wato nauyin murabba'in mita ɗaya. Masu sayarwa da masu ɗab'i duk da wannan lissafi suke magana, don haka ka riƙe shi. Mai giram 40 zuwa 60 ta ƙananan jakunkunan abinci ce da magani. Mai 70 zuwa 80 za ta ɗauki kayan da ba su da nauyi sosai idan ba a sa mata hannu ba. Jakar da za a sa wa igiya a rataya kuwa kada ta gaza giram 100, in so samu ne 120. Wadda ta wuce haka tana wuyar ninkewa da hannu, gaɓoɓinta kuma suna tsagewa, musamman da hunturu.

Je wurin masu sayar wa maɗaba'u takarda, ko ka tambayi wani mai ɗab'i inda yake saro tasa. Ana sayarwa a naɗe, ana kuma sayarwa falle-falle. Mai farawa ya sayi falle, domin ta naɗi tana lanƙwashewa, sai an danne ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta miƙe. Don koyo kuwa ba sai ka kashe kuɗi sosai ba. Buhunan takarda na garin madara, waɗanda masu yogot da gidajen burodi ke zubarwa, kiraf ne mai kyau ninki biyu ko uku. Cire ledar cikin, ka ware ninkin, ka goge, ka yi ta gwaji a kai.

Gwaji uku nake yi kafin in biya kuɗi. Na farko, in yagi gefe in duba: idan wata siririyar fata mai sheƙi ta miƙe ba ta yanke ba, an shafa wa takardar leda, kuma irin wannan ba ta ruɓewa, an gudu ba a tsira ba ke nan. Na biyu, in ninke ta in buɗe sau biyar a wuri ɗaya in ga ko za ta tsage. Na uku, in yaga ta tsaye in yaga ta kwance. Ta ɓangare ɗaya yagewar za ta tafi a miƙe, ta ɗayan kuma ta karkace. Inda ta tafi a miƙe nan zaruruwan suka dosa, kuma haka ake so su tsaya a jikin jaka, daga baki zuwa gindi, domin ta nan nauyi ke ja.

Magana ɗaya kan abinci, kuma da gaske nake yinta. Tsohuwar jarida da takardar siminti da takardun jarrabawar da ake naɗe tsire da awara a ciki bai kamata su taɓa abin da za a ci ba. Mai da zafi suna narkar da tawada ta shiga abinci, burbushin siminti kuma ba abin sa wa a ciki ba ne. Takardar da aka sake sarrafawa daga tsofaffin takardu ita ma a bar ta ga tufafi da takalmi. Na abinci a nemi sabuwa fil wadda aka yi don abinci. Idan mai maiƙo ne kamar ƙosai ko kilishi, a shimfiɗa takardar da ba ta shan mai a ciki, irin ta masu gasa kek. Ɗiga mata man gyaɗa ka jira minti goma, ka juya bayanta ka ga ko man ya ɓullo.

Kayan aiki da gam

Tebur mai santsi, rular ƙarfe, fensir, wuƙar yankan takarda, almakashi, ƙaramin buroshi, abin huda takarda irin na ofis, kwali, da igiya. Sai abu ɗaya da ya fi su duka rage wahala: ka sa kafinta ya yanko maka gungumen katako daidai faɗi da kaurin jakar da kake so, ya goge shi sumul. A jikinsa za ka riƙa naɗa takarda, kowace jaka ta fito daidai da 'yar'uwarta.

Gam kuwa a kicin ake yinsa. Cokali biyu na sitacin rogo, kofi ɗaya na ruwa. Dama sitacin da ɗan ruwan sanyi, ka tafasa sauran, ka zuba kana juyawa a kan wuta kaɗan har ya yi yauƙi ya daina fari. Masu wanki da guga sun san shi, sai dai namu ya fi nasu kauri. Bar shi ya huce. Ka dafa na yini ɗaya kawai, domin da zafin Kano washegari ya yi tsami ya saki. Ƙaro da aka jiƙa aka tace shi ma yana liƙa ƙananan jakunkuna. A manyan jakunkuna masu hannu nakan sa farin gam na kafintoci a gindi da wurin igiya kawai, tunda nan ne nauyi ke taruwa. Jakar abinci kuwa sitaci zalla.

Ƙaramar jaka, ta gyaɗa da gurasa

Da ita za ka fara. Yanki takarda santimita 32 a faɗi, 25 a tsawo. Ninko gefe biyu su haɗu a tsakiyar baya, ɗaya ya hau ɗaya da santimita 2, ka shafa gam siriri ka danne. Ka samu bututu mai faɗin 15. Ninke gindin zuwa sama santimita 2, ka shafa gam, ka sake ninkewa santimita 2, ka danne da rula. An gama. Jera su ashirin-ashirin ka ɗora katako a kai har su bushe.

Irin wannan jaka tana da wata fa'ida da masu suya ke saurin ganewa: tururi na fita ta jikinta. Ƙosai ko waina da aka ƙulle a leda kafin a isa gida sun yi gumi sun yi laushi, a takarda kuwa suna isa yadda aka kwashe su.

Babbar jaka mai gindi da hannu

A ce kana son jaka mai faɗin santimita 20, kaurin gefe 10, tsawo 28, wadda za ta ɗauki turmin atamfa ko ɗinkin yaro. Lissafin faɗin takardar shi ne gaba da baya 40, gefe biyu 20, leɓen liƙi 2, jimla 62. Tsawon kuwa 28 na jiki, 5 na ninkin baki, 7 na gindi, jimla 40. Takardarka ke nan 62 da 40. Duk girman da ka sauya, ka tabbata abin da ka bar wa gindi ya zarce rabin kaurin gefe da santimita 2 aƙalla, in ba haka ba leɓɓan ba za su hau juna ba, gindin ya zauna a buɗe.

Shimfiɗa ta, cikin jakar yana kallonka. Daga hagu ka sa alama a santimita 2, 22, 32 da 52, ka ja layuka tsaye. Ka ƙara biyu a 27 da 57, su ne tsakiyar gefe, inda jaka ke lotsawa ciki idan an ninke ta. Sai layi biyu a kwance, ɗaya santimita 5 daga sama, ɗaya 7 daga ƙasa. Yanzu bi kowane layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, kana dannawa a jikin rula ba tare da ka yanka ba. Kada ka tsallake wannan don sauri. Shi ke bambanta jakar da ta tsaya cak da wadda ta karkace kamar an zauna a kanta. Da ka gamsu da awon, ka kwafe shi a kwali mai kauri ya zama ma'auninka, ka huta da auna kowace falle.

Baki ake fara ninkewa. Yanko kwali biyu, kowanne santimita 18 da 4, ka liƙa ɗaya a ƙarƙashin ninkin gaba, ɗaya a na baya, sannan ka ninko santimita biyar ɗin nan ciki ka liƙe. Waɗannan kwalaye su ne za su hana igiya yaga takarda. Na taɓa haɗa wa wata baiwar Allah jakunkunan rabon biki ban sa su ba, don ina ganin kayan ba nauyi, kafin a tashi daga taron hannuwa da dama sun fita. Na sake mata wasu ban karɓi ko sisi ba, tun daga ranar kuma ban ƙara fitar da jaka mai hannu babu kwali a bakinta ba.

Sai ka naɗa takardar a jikin gungumen katako, ka shafa gam a leɓen santimita biyu, ka kawo ɗaya ƙarshen ya hau kansa, ka murza da tsumma. Leɓen ya kasance a ciki, haɗin kuma ya faɗo a kan kusurwa don kada ya fito a fuskar jaka. Tura katakon har bakinsa ya zo daidai layin gindi, santimita bakwai na takarda suna leƙowa. Tura gajerun ɓangarori biyu ciki tukuna, za ka ga dogayen biyu sun yi kunnuwa masu kusurwa. Danne kunnuwan da kyau, ka kwantar da leɓe ɗaya, ka shafa gam a ɗayan har kusurwoyinsa, ka kwantar da shi a kai. Juya katakon ka tsayar da shi a kan gindin, nauyinsa ya danne na minti ɗaya ko biyu. Zare shi, ka shafa wa kwali mai santimita 19 da rabi da 9 da rabi gam, ka saka ciki ya kwanta a gindi.

Gam kaɗan ya fi gam da yawa. Ruwan da ke cikin sitaci yana sa takarda ta yamutse, idan ya yi yawa kuma ya ɓullo ta gefe jakunkuna su manne da juna.

Huda rami biyu a gaba, biyu a baya, santimita 2 da rabi daga baki, tsakaninsu santimita 10, ka tabbata hudar ta ratsa kwalin. Yanko igiya biyu masu tsawon santimita 40, ka zura daga waje, ka ƙulla a ciki ƙulli mai kaurin da ba zai fice ba. Igiyar rama ko ta auduga nake sawa. Ta roba ta fi araha, amma sa ta daidai yake da mayar da leda ta bayan gida. Mai son ado yana iya kai igiyar auduga marina a rina masa shuɗi, tana kyau ƙwarai a jikin takarda mai ruwan ƙasa.

Daga nan ka tura tsakiyar gefe biyu ciki, ka kwantar da gindin a kan bayan jakar, ka danne ta kwanta.

Gwada kafin ka sayar

Daga kowane sabon kaya ka ware jaka biyu bayan sun kwana. Zuba kilo 3 na yashi ko shinkafa, ka rataye ɗaya a ƙusa har safe, ɗayar ka riƙe ka zaga gida da ita kana kaɗawa. Dubi inda ta fara gazawa. Idan gindi ne, gam ya yi ƙaranci ko leɓɓan ba su hau juna sosai ba. Idan wurin igiya ne, kwalin baki ya yi laushi ko hudar ta matso baki da yawa. Idan jiki ne ya tsage, takardar ce ba ta kai ba. Nauyin da jakarka ta ɗauka lafiya shi za ka faɗa wa mai saye, kada ka ƙara ko giram ɗaya.

Lissafin kuɗi

Falle mai 62 da 40 ya kusa rubu'in murabba'in mita, don haka a takarda mai giram 100 nauyinsa kusan giram 25 ne. Kilo ɗaya zai ba da jaka 40 a lissafi, amma da ɓarnar yanka da kuskure ka ɗauka 36. Raba kuɗin kilo gida 36, ka ƙara na igiya santimita 80, da kwali, da gam, da tawada, da kuɗin a-daidaita-sahu na sarowa da kaiwa. Sannan ka sa ladan hannunka. Duba agogo ka ga jaka nawa kake gamawa a awa ɗaya, domin masu sana'ar gida da yawa a nan suke karyewa: suna lissafa kaya su manta da kansu. Kafin ka tsayar da girman jaka, tambayi girman fallen da ake sayarwa, ka daidaita awonka da shi yadda ragowar ba za ta yi yawa ba. Ragowar ma kada a zubar, ita ce jakar magani da ta kayan ƙamshi.

Wa za a kai wa

Kada ka fara da mai kayan miya, wanda ke ba da leda kyauta a kan cinikin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Fara da wanda jaka za ta ƙara wa kayansa daraja: teloli, masu turare, masu shagunan yadi a Kantin Kwari, matan da ke sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram, masu kek da cincin, masu shirya biki da walimar sauka. Su suna iya saka kuɗin jaka cikin kuɗin kaya ba tare da mai saye ya ji ba.

Abin da ke sa su amince shi ne sunansu a jiki. Hatimin roba mai ɗauke da sunan shago da lambar waya ya isa a farko, a buga a waje kafin a ninke, tawada kada ta shiga ciki. Idan oda ta yi yawa, masu buga rubutu a riguna za su buga maka a falle. Na kai wa wani dattijon tela samfuri, ya juya shi ya ce, "Yaro, leda fa kusan kyauta ce." Na ce, "Haka ne Baba, amma ledar ba ta faɗa wa kowa wanda ya yi ɗinkin." Ya karɓi hamsin na gwaji. Ka riƙa tafiya da samfuri uku masu girma daban-daban, ka bar su a shagon, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka buga sunan kowa, domin jakar da ke ɗauke da sunan wani ba ta sayuwa ga wani.

Ajiya

Da damina takarda na shan danshi ta yi laushi, gam ya ƙi bushewa, wani lokaci har ta yi fumfuna. Ɗora ta a kan katako nesa da ƙasa da bango, ka ba jakunkuna kwana guda cur kafin ka ɗaure su. Da hunturu kuma gam na bushewa tun kafin ka haɗa leɓe, sai ka riƙa shafa wa ɗaya-ɗaya, ka rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma, ka kuma lulluɓe takardar saboda ƙura. Gara da kyankyaso da ɓera duk suna son sitaci, don haka ka riƙa ɗaga kayan kana dubawa duk mako. Ɗaure jakunkuna hamsin-hamsin da igiya, ka sa kwali sama da ƙasa don igiyar kada ta ci gefensu.

Teloli da masu yadi sun fi neman jaka daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin Sallah, lokacin da kai ma ƙarfinka ya ragu. Tun watan Sha'aban ka saro takarda, ka yanke, ka ja layuka, ka tanadi kwalaye da igiyoyi, yadda in oda ta zo bugun hatimi da liƙi kawai za su rage.